Labaran zombi na matasa

Labaran zombi na matasa wani reshe ne na adabin ban tsoro da ake rubutawa musamman dan ƴan shekara 12 zuwa 18, inda wata ƙwayar cuta take ɓarkewa ta maida mutane wasu halittu marasa hankali masu cizon ƴan uwansu, sai a wayi gari samari da ƴanmata ne kawai suka rage suna neman yadda za su kai labari. Ya fi ƙarfi a Ingila da Amurka, daga baya Koriya ta Kudu ta shigo da nata salon. Wasu in za su fassara zombi sai su ce aljani ko fatalwa, kuma gaskiya ba haka bane, aljani ba a ganinsa, fatalwa kuma ba ta da jikin da za ka taɓa, shi ko zombi gangar jiki ce zalla, hankali ya tafi amma ƙafa na tafiya haƙori na aiki.

Asalin labarin zombi daga Haiti yake, kuma a can babu zancen cuta sam. Gawa ce da ake cewa boka ya tayar ya sa ta noman rake ba hutu ba lada, tsoron bayi ne a zamanin bauta, wato ko mutuwa ba za ta ƙwace ka daga hannun ubangida ba. Littafin William Seabrook na 1929 shi ya kai kalmar kunnen Amurkawa, sai fim ɗin White Zombie ya biyo baya a 1932. George Romero ne a 1968 ya kawo gawa mai cin naman mutane a Night of the Living Dead, duk da shi kansa bai kira su zombi ba a cikin fim ɗin. Zancen ƙwayar cuta ya kafu sosai ne da wasan bidiyo na Resident Evil na kamfanin Capcom a 1996, sannan fim ɗin 28 Days Later na 2002 wanda a cikinsa masu cutar ma ba matattu bane, da ransu, kuma gudu suke kamar an sako kura.

Toh a ɓangaren matasa shekarar 2009 ce ta buɗe ƙofa. A shekarar ne Charlie Higson ya fitar da The Enemy, wanda ya zama na farko cikin littattafai bakwai da aka kammala a 2015. A Landan abin yake faruwa, cutar ta kama duk wanda ya haura shekara 14, manya wasu sun mutu wasu sun haukace, sai ga wasu yara sun toshe kansu cikin kantin Waitrose na unguwar Holloway suna fita neman gwangwanin abinci gida gida da sanduna da mashi na haɗin hannu. Abin da ya fi tsaya min a rai shine sunan da yaran suke kiran dodannin da shi, ba sa cewa zombi, cewa suke uwaye da ubanni. Ka ji yaro ɗan shekara tara yana raɗa wa ɗan uwansa cewa akwai wata uwa a bayan ƙofa, kuma nufinsa su gudu. Anan ne za ka gane aikin da cutar take yi a irin waɗannan littattafai, hanya ce ta kawar da manya gaba ɗaya, wanda ya kamata ya kare ka shine yake farautarka, dan haka dole ɗan shekara 13 ya yanke hukuncin da ko dattijo sai ya yi gumi kafin ya yanke, waye zai ci waye zai haƙura, wa za a buɗe wa ƙofa.

A wannan shekarar dai Carrie Ryan ta fito da The Forest of Hands and Teeth, labarin Mary da ta taso a wani ƙauye da aka kewaye da shingen waya, wasu mata masu riƙe da addinin garin suna ɓoye musu gaskiya, ita kuma burinta kawai ta ga teku. Sai Rot & Ruin na Jonathan Maberry a 2010, inda Benny Imura ya cika shekara 15 kuma dokar garinsu ta ce ko ya sami sana'a ko a rage masa rabin rabon abincinsa, sai ya bi yayansa Tom, wanda aikinsa shine iyalai su biya shi ya nemo ɗan uwansu da ya rikiɗe ya kawo ƙarshen wahalarsa cikin mutunci. Wannan littafin ya dage akan cewa kowane zombi ɗan wani ne ko uwar wani, kuma ina ganin shi yasa ya daɗe a hannun masu karatu.

Makaranta ita ce wajen da aka fi yawan kafa labarin, kuma dalilin a fili yake, akwai katanga akwai get akwai ɗakin girki, ga kuma tsohuwar gaba da ɗalibai suka shigo da ita tun kafin annoba. Courtney Summers ƴar Kanada ta kulle ɗalibai shida a makarantar sakandare a This Is Not a Test na 2012, jarumar Sloane tun kafin abin ya faru ta riga ta gaji da rayuwa saboda dukan da ubanta yake mata, sai ta tsinci kanta cikin mutanen da ke fafutukar rayuwa ita kuma ba ta tabbatar tana so ba. Na Koriya kuwa, All of Us Are Dead, ya fara ne a matsayin labarin zane na intanet da Joo Dong-geun ya riƙa saki daga 2009 zuwa 2011, Netflix ta maida shi shiri mai kashi 12 a watan Janairun 2022. Malamin kimiyya ne ya haɗa ƙwayar dan ɗansa da ake zalunta a makaranta ya iya ramawa, abu ya ƙwace masa, ɗalibai suka yi ta jiran ceto daga hukuma a saman bene, a ƙarshe sojoji suka yi wa garin ruwan bama-bamai. Justina Ireland ita ma ta juya abin a Dread Nation na 2018, ta tayar da matattu a lokacin yaƙin basasar Amurka, aka tilasta wa yaran baƙar fata koyon yaƙi da su dan su kare turawa masu hali.

Akwai wani fage da kusan babu littafin da ba ya zuwa, ɓoyayyen cizo. An tsira an rufe ƙofa kowa yana haki, sai a lura ɗaya yana ta jan hannun rigarsa ƙasa, gumi na karyo masa, a ce nuna mana hannunka ya ce ƙusa ce ta karce shi. Daga nan rukunin ya rabu biyu, masu cewa a fitar da shi yanzu da masu cewa abokinmu ne tun firamare. Yawancin marubuta anan suke zuba duk ƙarfinsu, fiye da wajen zubar da jini.

Ta fuskar kimiyya babu wata ƙwayar cuta da ke tayar da gawa. Wadda ta fi kusa ita ce ciwon haukan kare, ta cizo da yawu take shiga, ta kama ƙwaƙwalwa, ta kawo ruɗewa da tsoron ruwa, sai dai ita takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana ba daƙiƙu ba kamar a labari, kuma tana da allurar rigakafi in an gaggauta bayan cizon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ta fi taɓawa. Wasu marubutan kuma sun bar ƙwayar cuta sun koma wani nau'in funfuna na gaske da ke shiga jikin tururuwa ya sarrafa tafiyarta, shi aka gina wasan bidiyo na The Last of Us na 2013 a kansa. Ita ma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a watan Mayun 2011 ta ari zombi ta yi faɗakarwa da shi, ta ce mutane su tanadi ruwa da abinci da magani da tocila su kuma tsayar da wajen haɗuwa da iyali, kayan da za su yi amfani ranar ambaliya ko guguwa, kuma jama'a suka yi ta tururuwar karantawa har shafin hukumar ya tsaya.