Direbobin dakon kaya da madara a Sakkwato

Direbobin dakon kaya a Sakkwato su ne masu ɗaukar kayan masarufi, amfanin gona, siminti da dabbobi tsakanin kasuwannin birnin da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A cikinsu akwai 'yan ƙalilan da suka fi mai da hankali ga kawo madara da nono daga rugage. Motocin da aka fi gani a wannan aiki su ne a-kori-kura, kanta (Canter) da tirela, sai kuma babur mai ƙafa uku a cikin unguwanni.

Tarihi

Tun bayan da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, kaya suna shiga suna fita a bayan jakuna, takarkarai da raƙuma. Fatake na tafiya ayari-ayari a ƙarƙashin madugu, su kai tufafi da jar fatar akuya, su komo da goro daga Gwanja, Buzaye kuma su kawo gishiri da dabino daga arewa. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, amma dabba ta ci gaba da ɗaukar mafi yawan kaya har shekaru da dama bayan haka.

Layin dogo bai taɓa isa Sakkwato ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, saboda haka gyaɗa, auduga da fatun yankin sai an kai su can kafin su hau jirgi. Wannan giɓi shi ya ba motar kaya gindin zama. Ana jin daga wajen shekarun 1930 ta fara karɓe aikin daga hannun masu jakuna. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda aka kafa a 1962 ya kuma fara aiki a 1967, ya ƙara yawan manyan motoci, haka ma zaman Sakkwato hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 da ta Jihar Sakkwato daga 1976. Har yau duk abin da aka ci ko aka yi gini da shi a birnin, in ba a nan aka samar da shi ba, a kan taya ya zo.

Yanayin aiki

Aiki na farawa bayan sallar asuba. Direba ya duba ruwa da mai, ya kai mota wurin lodi a Babbar Kasuwa, Tsohuwar Kasuwa ko Kara, inda ɗan kamasho ke haɗa shi da mai kaya, 'yan dako kuma su yi lodi. Yaron mota, wanda ke kiran direban maigida ko oga, shi ke ɗaure kaya, ya sa waigi, ya kwana a mota in an yi zango. Ta wannan hanya yawancin direbobi suka koyi tuƙi. Da yawa motar ba tasu ba ce, suna kai wa mai ita balas a kullum ko a mako, abin da ya saura bayan mai da gyara shi ne nasu.

Ranakun kasuwa ke tsara mako. Akwai hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni a Nijar, da ta Gusau, da ta Jega wadda ke gangarawa kudu. Da rani albasa, shinkafa da tumatir daga fadamun Goronyo, Wurno da Kware ke cika motoci.

Dakon madara

A Turai da Amurka tanka mai riƙe sanyi ke zagaya gonaki, direba ya auna madarar, ya ɗebi samfuri don gwaji, sannan ya zuƙe ta. Tsarin Sakkwato daban ne. Shanun yankin, irin su Gudali da Rahaji, na hannun makiyaya ne da ke warwatse, kuma saniya ba ta ba da fiye da 'yan litoci a rana. Ana tatsa da sassafe, a zuba a ƙorai ko jarkoki, a fito da ita bakin titi a kan babur, daga nan a-kori-kura ko motar fasinja ta ƙarasa da ita gari. Sau da yawa matan Fulani masu nonon na cikin motar tare da kayansu, don haka direban kuɗin mota yake karɓa, ba shi da hannu a cinikin.

Zafi ne ke mulkin wannan sana'a. Ɗanyar madara na buƙatar sanyin da ya kai digiri 4 in ana so ta jima, a Sakkwato kuwa zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Cikin 'yan sa'o'i take tsinkewa, faci ɗaya a hanya ya isa ya jawo asara. Shi ya sa mafi yawan abin da ke shigowa gari kindirmo ne, nono da man shanu, waɗanda sun fi jure hanya. Da damina madara na yawaita amma hanyoyin rugage na lalacewa. Da rani hanya ta yi kyau, shanu kuma sun tafi neman kiwo. Masu yogot da yawa garin madara na ƙasashen waje suke amfani da shi, wanda ke zuwa a buhuna daga Legas da Kano.

Ƙungiyoyi

Direbobi na ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978, masu manyan motoci kuma suna da tasu ƙungiyar, NARTO. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara aiki a 1988.

Matsaloli

An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a Agustan 2019, aka buɗe ta Illela a Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin dako. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin jihar, musamman Isa da Sabon Birni, sun sa direbobi da yawa daina tafiyar dare a can. Direbobi na kukan yawan shingaye da kuɗin da ake karɓa a hanya. Hukumomi kuma na zarginsu da lodin da ya wuce ƙima.