Waiwaye: Takama da Sukuwa a Kan Babur

Duk lokacin biki ko sallah sai maganar manyan babura ta dawo majalisun Katsina. Masu kuruza, babur ɗin nan mai ƙasa-ƙasa da ake zama a kansa kamar kujerar falo, ƙafafu a miƙe, suna cewa yara masu babur ɗin tsere ne suka ɓata wa kowa suna da gudu da ɗaga taya. Su kuma yaran suna cewa su Alhaji ba tuƙi suka fito ba, nuna arziki suka fito, kuma salansarsu ta fi ta kowa tada jarirai. Wanda ya ji su sai ya zaci jiya aka fara. Alhali rigimar ta girmi yawancin masu yinta, kuma ba a nan aka haife ta ba, a kwantena ta iso mana tare da baburan.

Farkon labarin sananne ne. An kafa Harley-Davidson, kamfanin da ya yi suna da ƙera kuruza, a Milwaukee ta Amurka a 1903. Bayan yaƙin duniya na biyu tsofaffin sojoji suka yi ta kafa ƙungiyoyin mahaya, hatsaniyar da aka yi a taron mahaya a garin Hollister a 1947 kuma ta manna wa mai babban babur sunan ɗan tawaye. Honda ta shiga kasuwar Amurka a 1959, a 1969 ta fito da CB750 mai silinda huɗu. Nan galibin masu ba da labarin suke tsayawa, su ce ai faɗan Amurka da Japan ne.

Ni ban gamsu da haka ba. A shekarun 1970 yawancin baburan Japan zubi ɗaya ne: ana zama a miƙe, da shi ake zuwa aiki, da shi ake doguwar tafiya, in an ga hanya ta buɗe a murɗa totur. Za a iya gardama kan ƙasar da ta ƙera, amma ba a kai ga raba mutane gida biyu ta yadda suke zama ba. Wannan rabuwar tsakanin 1983 da 1985 ta faru, kuma ba kasafai ake tuna ta ba.

A 1983 Amurka ta ƙara harajin kashi 45 cikin ɗari a kan baburan waje da girman injinsu ya wuce cc 700. Kamfanonin Japan suka rage girman wasu injinan nasu kaɗan suka ratsa ta ƙarƙashin dokar, a 1987 kuma aka janye harajin. Ke nan shi ya zo ya wuce. Abin da ya zauna shi ne baburan da aka ƙera a tsakanin. A 1984 Harley ta fito da Softail, wanda aka ɓoye sifirin ɗinsa na baya a ƙarƙashi don ya yi kama da baburan kakanni. A wannan shekarar dai Kawasaki ta fito da GPZ900R, na farko da aka kira Ninja, mai wuce kilomita 240 a awa. Shekara na zagayowa Suzuki ta sako GSX-R750, ƙashin jikinsa na alminiyam, nauyinsa bai kai kilo 180 ba in babu mai, kusan babur ɗin filin tsere ne aka liƙa wa fitila da lamba. Ɗaya ya juya yana kallon jiya, ɗaya ya kwanta a kan tanki yana neman gobe.

Ga kuma abin da ke rushe zancen Amurka da Japan: a daidai lokacin Japanawa ma kuruza suke ƙerawa. Yamaha na da Virago tun 1981, Honda ta kawo Shadow a 1983, Suzuki ta biyo da Intruder. Shago ɗaya sai ya sayar maka da kowanne. Da siffa ta zama abin da kowa zai iya kwaikwaya, sai mahaya suka koma neman abin da zai bambanta su a jikinsu: wannan rigar fata mai tambari da ƙungiya (a 1983 aka kafa ƙungiyar masu Harley), wancan hular kwano mai rufe fuska da kaya masu launi. Aka fara jifa da sunaye, har ana kiran babur ɗin Japan mai ƙona shinkafa. Gaisuwar hannu da mahaya ke yi wa juna a hanya ma ta zama abin ƙorafi, wai an ɗaga wa wane bai amsa ba.

Injin ma ya taimaka. Na kuruza silinda biyu ne manya, ƙarfinsa na fitowa tun yana juyawa a hankali, shi ya sa yake gurnani. Na tsere sai ya haura juyi dubu goma a minti yake nuna kansa, shi ya sa yake ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Kowa na jin ƙarar ɗan'uwansa a matsayin rashin kunya.

Mu nan ba mu ga rabuwar tana faruwa ba. Vespa da roba-roba muka sani, sai Jincheng da Boksa suka cika gari da acaɓa. Manyan sun zo daga baya, na hannu, ta Legas da Kwatano, kowanne da halin gidansu. Sai dai sun tarar da ƙasa a jiƙe. Garin da ya san takamar doki a gaban Ƙofar Soro ranar hawa, ya kuma san sukuwa da folo tun zamanin Sarki Dikko, ba sai an koya masa cewa hawa iri biyu ne ba. Bambancin kawai, ban taɓa jin mai takama ya ce mai sukuwa ba mahayi ba ne. Talaka kuwa duk fawa-baik yake kiransu, kuma da aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare a 2021 saboda tsaro, ba a tambayi kowa yadda yake zama a kan nasa ba.

Kwanaki na tsaya rumfar wani bakanike wajen Ƙofar Ƙaura, na tarar da su biyu a jere, Shadow da wani tsohon GSX-R, duka an kwance su. Dattijon mai kuruzar ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, wannan kwanciyar da kake yi a kan tanki, bayanka zai gaya maka in ka kai shekaruna." Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Baba, kafin ku kai Mashi na isa Daura na sha fura." Bakaniken bai ɗago ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce kayan gyaransu duka biyun ba su iso daga Legas ba tukuna, su dawo sati mai zuwa. Saurayin ya tare musu ɗan acaɓa guda, ya ce Baba ya fara hawa.