Dokar maki goma a damben boksin: abin da alƙalai uku suke dubawa

Duk lokacin da babban damben boksin ya ƙarato, musamman na kambun duniya a ajin masu nauyi, masoya wasan sukan rabu gida biyu. Wasu su ce wanda ke matsa wa abokin karawarsa lamba yana bin sa lungu-lungu shi zai yi nasara, wasu kuma su ce mai zillewa, wanda ke kai naushi daga nesa ya janye, shi ne gwani. Idan aka yi bugun kwaf ɗaya, magana ta ƙare. Idan kuwa aka kai turmin ƙarshe kowa yana tsaye da ƙafafunsa, to abin da zai raba gardamar shi ne dokar rabon maki wadda kusan dukkan manyan wasannin ƙwararru suke bi, kuma da yawa daga cikin masu musun ba su taɓa zama sun dube ta ba.

Damben kambun duniya na maza turmi 12 ne, kowane turmi minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. A da turmi 15 ake yi, sai WBC, ɗaya daga cikin hukumomin damben duniya, ta rage shi bayan mutuwar ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim, sakamakon karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas a 1982, daga baya sauran hukumomin suka bi sahu. A irin wannan dambe alƙalin da ke cikin da'ira ba ya ba da maki. Alƙalai uku ne ke zaune a gefuna daban-daban, kuma da zarar an kaɗa ƙararrawa kowannensu zai rubuta sakamakon turmin da aka gama ba tare da ya shawarci ɗan'uwansa ba. Wanda ya ci turmin dole a ba shi maki 10, wanda aka rinjaya kuma ya samu 9 ko ƙasa da haka. An halatta rubuta 10 da 10, amma ba kasafai alƙalai suke yin hakan ba.

Abin da ya fi ruɗa masu kallo shi ne cewa kowane turmi cin gashin kansa yake yi, kuma makin da aka rubuta ba ya goguwa. A ce ɗan dambe ya ci turame bakwai da ɗan rinjaye kaɗan, abokin karawarsa kuma ya ci biyar da dukan kawo wuƙa amma bai kai shi ƙasa ba. Lissafin da aka saba gani zai tashi 115 da 113, kuma mai turame bakwai ne zai ɗaga hannu, ko da fuskarsa ce ta fi kumbura. Mai kallo yana tashi da hoton damben gaba ɗaya a ransa, musamman turamen ƙarshe, alƙali kuwa tara lambobi goma sha biyu kawai yake yi.

Ma'auni huɗu ake dubawa a kowane turmi. Na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne naushin da ya sauka sarai da gaban safar hannu a kai ko a jiki sama da ɗamara, ba wanda ya faɗa kan damtse ko kan safar abokin karawa ba. Sauran su ne farmaki mai amfani, da iko da da'ira, wato wanda ya tilasta a yi damben a inda yake so kuma da saurin da yake so, sai kuma kare kai. Kalmar “mai amfani” ita ce ƙashin bayan musun salon dambe. Tafiya gaba kawai ba ta kawo maki, domin wanda ke bin abokin karawarsa yana kai wa iska naushi, yana kuma shan martani a fuska, turmin yake zubarwa duk da ihun da 'yan kallo ke yi masa. Haka ta faru a 2015 lokacin da Manny Pacquiao ya riƙa bin Floyd Mayweather, amma alƙalan uku duk suka ba Mayweather, ɗaya 118 da 110, biyu kuma 116 da 112. A ganina raunin dokar yana nan: ba ta faɗi naushi marar nauyi nawa ne yake daidai da mai nauyi guda ba, shi ya sa alƙalai biyu masu gaskiya za su iya kallon turmi ɗaya su saɓa.

Kai mutum ƙasa shi ne abin da ke sauya lissafi da sauri, domin turmin yakan koma 10 da 8, idan sau biyu ne kuma 10 da 7. A doka, faɗuwa ita ce wani sashe na jiki ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa sakamakon naushi, ko kuma ya zama igiyoyin da'ira ne kaɗai suka riƙe mutum. Wannan sashe na biyu ne ya raba Oleksandr Usyk da Tyson Fury a Riyadh a watan Mayun 2024. A turmi na tara Fury bai kai ƙasa ba, amma igiyoyi ne suka tare shi, alƙalin cikin da'ira ya ƙirga masa a matsayin wanda ya faɗi. Sakamakon ya fito 115 da 112 da kuma 114 da 113 ga Usyk, alƙali na uku ya ba Fury 114 da 113. Da an rubuta wannan turmi 10 da 9 maimakon 10 da 8, da lissafin alƙalin da ya ba Usyk 114 da 113 ya zama 114 da 114, damben ya tashi canjaras.

Alƙalin cikin da'ira yana da ikon cire maki saboda dukan ƙasa da ɗamara, ko dukan ƙeya, ko gware da gangan, ko yawan rungumar abokin karawa, abin da ya sa mai dogaro da riƙo don ya huta yake wasa da makinsa. A haɗaɗɗun dokokin da hukumomin dambe na Amurka suke bi, wanda aka kai ƙasa dole a ƙirga masa zuwa takwas ko da ya miƙe da wuri, kuma ƙararrawar ƙarshen turmi ba ta dakatar da ƙirgen ta cece shi, a kowane turmi ne kuwa.

Akwai wata doka da ta shafi masu cewa gwaninsu zai bar turamen farko ya jira abokin karawarsa ya gaji. Idan aka yi gware ba da gangan ba, wani ya tsage har ba zai iya ci gaba ba kafin a kammala turmi na huɗu, damben ya tashi babu hukunci. Idan kuwa an kammala turmi na huɗun, sai a tara makin da aka riga aka rubuta a ba mai rinjaye nasara, ko da wancan mai jiran bai fara damben da ya shirya ba.