Ƙwallon ƙafa a Arewa maso Yammacin Amurka: tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyoyin Seattle, Portland da garuruwan kewaye

Yankin da ake magana a kai shi ne jihohin Washington da Oregon, can gaɓar tekun Pasifik, sai birnin Vancouver na Kanada da ke maƙwabtaka da su ta arewa. Kada a haɗa jihar Washington da babban birnin Amurka: suna ne kawai ya zo ɗaya, tsakaninsu tafiyar dubban kilomita ce. Mutanen wurin suna kiran yankin nasu Cascadia, saboda jerin duwatsun Cascade da suka ratsa shi.

Me ya sa ake ware wannan yanki in ana zancen tamaula a Amurka?

Saboda a nan ƙwallon ta daɗe da yin saiwa. An kafa Seattle Sounders da Vancouver Whitecaps a 1974, Portland Timbers kuma a 1975, duk a tsohuwar gasar NASL. Wasan ƙarshe na gasa da Pele ya buga a rayuwarsa a Portland aka yi shi, a 1977, ranar da ƙungiyarsa New York Cosmos ta ci Sounders 2-1 a wasan ɗaukar kofi. Gasar ta rushe bayan kakar 1984, amma sunayen ba su mutu ba, an ci gaba da farfaɗo da su a ƙananan gasanni har MLS, babbar gasar ƙwararru ta yanzu, ta karɓi Seattle a 2009, Portland da Vancouver kuma a 2011.

Seattle ta ɗauki kofin MLS a 2016 da 2019, sannan a 2022 ta ci kofin zakarun nahiyar bayan ta doke Pumas ta Meziko 5-2 gida da waje. Portland ta ɗauka a 2015. A ɓangaren mata, Portland Thorns ta ci gasar NWSL sau uku: 2013, 2017 da 2022. Wasan hamayya tsakanin Seattle da Portland ya taɓa tara mutum 67,385 a watan Agustan 2013.

Ta yaya aka jera gasannin?

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta amince da matakai uku na ƙwararru. Na ɗaya shi ne MLS. Na biyu USL Championship. Na uku ya kasu biyu: USL League One, inda Spokane Velocity take tun 2024, da MLS Next Pro, inda manyan ƙungiyoyi ke ajiye matasansu, kamar Tacoma Defiance ta Sounders da Timbers2 ta Portland.

Daga nan sai 'yan dagaji, waɗanda hukuma ba ta ba su lambar mataki ba. Akwai USL League Two, gasar su Ballard FC da West Seattle Junction a unguwannin Seattle, da Lane United a Oregon. Akwai Evergreen Premier League, gasar ƙungiyoyin jihar Washington da ta fara wasa a 2014, inda garuruwa irin su Bellingham da Yakima suka samu wakilci. Ƙasa da su kuma sai gasannin ma'aikata da ake bugawa da yamma bayan an tashi aiki.

To idan Ballard ta cinye gasarta, sai ta hau sama?

A'a, kuma a nan ne wanda ya saba da tsarin Ingila ko na Najeriya yake rikicewa. Ballard ta fara wasa a 2022, ta zama zakarar ƙasa ta USL League Two a 2023 bayan ta ci Lionsbridge 2-1 a wasan ƙarshe. Kakar da ta biyo baya ta koma gasar da ta fito. Haka Spokane ta kai wasan ƙarshe na USL League One a shekararta ta farko, Union Omaha ta ci ta 3-0, amma ko da ta ɗauki kofin ba inda za ta matsa. Ta ɗaya gefen kuma, ko Timbers ta ƙare a ƙarshen teburi ba za ta faɗa ko'ina ba.

Gurbi a gasa saye ake yi. Seattle ta biya dala miliyan 30 ta shiga MLS, Portland miliyan 35, San Diego da ta shigo a 2025 kuwa an ruwaito ta biya miliyan 500. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba zai sa hannu a dokar da za ta iya jefa shi rukunin ƙasa ba. Bayan haka MLS kamfani ɗaya ce: da gasar ɗan wasa yake ƙulla kwantiragi, masu ƙungiyoyin kuma abokan hannun jari ne a cikinta.

Hukuma ma tana da sharuɗɗanta ga kowane mataki. Filin mataki na ɗaya sai ya ci mutum 15,000 aƙalla, na biyu 5,000, na uku 1,000. Dole a samu mutum guda da ya mallaki kashi 35 cikin ɗari na ƙungiyar, wanda dukiyarsa ta kai dala miliyan 40 a mataki na ɗaya, miliyan 20 a na biyu, miliyan 10 a na uku. Ƙungiyar unguwa da magoya baya suka tara wa kuɗi ba ta da irin wannan attajiri, don haka ƙofar a rufe take gare ta tun kafin a busa usur. A watan Maris na 2025 masu ƙungiyoyin USL sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da hawa da sauka tsakanin gasanninsu na ƙwararru, sai dai wannan bai shafi MLS ba.

Me ya sa kakar ƙananan ƙungiyoyin ke da gajarta haka?

Saboda yawancin 'yan wasansu ɗaliban jami'a ne. Gasar jami'o'i tana farawa a Agusta ta ƙare kafin ƙarshen shekara, don haka USL League Two take cike gurbin hutu, daga Mayu zuwa Yuli, wasannin ɗaukar kofi su ɗan taɓa farkon Agusta. Ɗalibin da ya karɓi albashi daga ƙungiya yana iya rasa damar buga wa jami'arsa, tare da tallafin karatun da ya dogara da shi. Shi ya sa ƙungiyoyin ba sa biyan albashi, sai dai su nema wa baƙo masauki a gidan wani mai goyon baya. Akwai kuma ƙa'idar cewa 'yan wasan babbar jami'a ɗaya ba za su wuce biyar a ƙungiya guda ba.

Matsalar tana fitowa a ƙarshen kaka: daidai lokacin da aka kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale, kocin jami'a yakan kira yaransa su dawo atisaye. Ƙungiyar da ba ta tanadi tsofaffin hannu mazauna gari ba sai ta shiga wasa mafi muhimmanci da rabin tawaga.

Akwai inda ƙarami ke haɗuwa da babba?

Akwai, gasar US Open Cup, wadda aka fara tun kakar 1913 zuwa 1914. 'Yan dagaji suna buga share fage a ƙarshen shekara, ko su samu gurbi ta sakamakon gasarsu, sannan su gamu da ƙwararru a zagayen farko. Sounders ta ɗauki kofin sau huɗu, 2009, 2010, 2011 da 2014, kuma ta saba buga zagayen farko-farko a ƙaramin filin Starfire da ke Tukwila. Tun da Rochester ta ci a 1999 ba wata ƙungiyar da ba ta MLS ba da ta sake ɗauka. Ga ƙungiyar ɗalibai akwai ƙarin cikas: zagayen farko yana faɗowa a Maris ko Afrilu, ɗalibai suna makaranta.

Mene ne matsayin magoya baya?

Babba ne, har ya fi na wurare da yawa a ƙasar. Kofin Cascadia, wanda ake ba wadda ta fi maki a wasannin da ƙungiyoyin uku, Sounders, Timbers da Whitecaps, suka buga da juna, magoya baya ne suka ƙirƙiro shi a 2004 da kuɗin aljihunsu. Da MLS ta nemi yi wa sunan rajista a matsayin nata a ƙarshen 2012, ƙungiyoyin magoya bayan uku, wato Emerald City Supporters, Timbers Army da Southsiders, suka ajiye gaba suka haɗa kai, sunan ya zauna a hannunsu. A Seattle masu tikitin kaka suna da ikon kaɗa ƙuri'a kan ko babban manajan ƙungiya ya ci gaba ko ya sauka, an kuma yi hakan a 2012 da 2018. A Portland, duk ƙwallon da Timbers ta zura a gida sai a yanko faifai daga wani gungumen icce da zarto mai inji, a miƙa wa wanda ya ci bayan an tashi. Garin masu sana'ar katako ne tun asali, sunan ƙungiyar ma daga nan ya fito.

Wanda ke son kafa ƙaramar ƙungiya a can, daga ina zai fara, kuma me ke kashe su?

Fili ne farko, kafin suna, kafin riga. Akasarin filayen da suka dace na hukumar makarantu ne ko na sashen wuraren shaƙatawa na birni, ana hayarsu da awa, kuma wasannin makaranta ne ke da fifiko. A duba abubuwa huɗu: fitila don wasan dare, ɗakin canza kaya, shinge da zai ba da damar karɓar kuɗin ƙofa, da faɗin filin. Filin ƙwallon Amurka, wato wasan American football da ake kama ƙwallo da hannu, faɗinsa bai kai mita 49 ba, alhali wasan ƙasa da ƙasa yana buƙatar mita 64 aƙalla. Idan hanyar tsere ta kewaye filin babu inda za a faɗaɗa, wasa sai ya koma dogon bugu da gwagwarmaya. Filayen makarantu kuma galibi ba a yarda a sayar da giya a cikinsu ba, a ƙasar da wannan ciniki ke cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙananan ƙungiyoyi.

Bayan fili sai a yi wa ƙungiyar rajista a jiha, ko a matsayin kamfani ko ƙungiyar da ba ta neman riba. Sai a shiga hukumar ƙwallon manya ta jihar, wadda ta hannunta ake samun katin ɗan wasa da inshora. Ba mai ba da hayar fili sai ya ga takardar inshorar. Sai kuɗin shiga gasa, da kuɗin alƙalan wasa uku ko huɗu a kowane wasan gida.

Abin da aka fi raina lissafinsa shi ne tafiya. Daga Seattle zuwa Portland kusan kilomita 280 ne, zuwa Spokane kuwa kusan 450 ta kan duwatsu, wanda ke nufin hayar mota da kwanan otal ga mutum ashirin da wani abu. Wasannin gida kuma ba sa wuce shida ko bakwai a kaka, da su za a ciyar da shekara guda. Cin kofi ba ya tsare ƙungiya daga wannan: Kitsap Pumas ta Bremerton ta zama zakarar ƙasa a matakinta a 2011, ta rufe a 2018. Waɗanda ke ɗorewa su ne masu tallafin shagunan unguwa da yawa maimakon attajiri guda, masu sayar da tikitin kaka tun kafin a fara wasa, da masu 'yan sa-kai da za su tsaya a ƙofa.

Me ya sa kusan ko'ina ciyawar roba ce?

Ruwan sama. Daga Oktoba zuwa bazara gefen teku a jiƙe yake, filin ciyawa da ake bugawa a kai kullum zai koma taɓo. Lumen Field na Seattle, wanda ake rabawa da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Seahawks, da Providence Park na Portland, wanda aka gina tun 1926, duk roba suka daɗe suna amfani da ita. Ƙwallo ta fi gudu a kanta, musamman in an jiƙa ta, kuma takalmi mai dogayen ƙusoshi yana kama ta ya murɗe gwiwa.

Yara fa, ta ina suke tasowa?

Ta ƙungiyoyin matasa da iyaye ke biya, sau da yawa dubban daloli a shekara in an haɗa da tafiye-tafiye. Makarantun horo na ƙungiyoyin MLS galibi kyauta ne, amma gurbinsu kaɗan ne. Wannan shi ne babban aibin tsarin: ɗan mai aikin gona a kwarin Yakima yana iya fin kowa ƙafa, a rasa mai ganinsa.

Dalili ɗaya shi ne ƙananan ƙungiyoyin ba su saba samun komai ba in yaronsu ya yi fice. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa ga waɗanda suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, amma an daɗe ba a aiki da ita a Amurka. Da Sounders ta sayar wa Tottenham DeAndre Yedlin a 2014, Crossfire, ƙungiyar matasan da ya taɓa bugawa, sai da ta kai ƙara FIFA tana neman rabonta. A 2019 ne MLS ta sanar cewa za ta fara bin tsarin.

Ɗan wasa daga Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru zai iya shiga?

An yi, kuma an yi fice. Obafemi Martins ya buga wa Sounders daga 2013 zuwa farkon 2016. Fanendo Adi yana cikin tawagar Timbers da ta ci kofin 2015. Kalif Alhassan na Ghana ya yi shekaru a Portland, Nouhou Tolo na Kamaru kuma ya fara da ƙungiyar matasan Sounders kafin ya zama mai tsaron baya na babbar.

Hanyoyin halal biyu ne. Ko ƙungiyar ƙwararru ta ɗauki mutum, ita ce za ta nema masa bizar 'yan wasa mai lamba P-1, ta kuma karɓi takardar izinin sauya ƙasa daga hukumar ƙwallon da ya baro. Ko ya samu gurbin karatu da bizar ɗalibi F-1, ya buga wa jami'a, ya buga League Two a hutu. Gurbin baƙi a MLS takwas ne ga kowace ƙungiya a farkon rabo, ana kuma cinikinsa tsakanin ƙungiyoyi, don haka ba a kashe shi a kan wanda ba a gwada ba. FIFA ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai da wasu 'yan dalilai ƙayyadaddu. Bizar ziyara ba ta ba da izinin karɓar albashi. Ƙungiyar League Two ko ta Evergreen kuwa, tunda ba albashi take biya ba, ba ta da kwantiragin ƙwararru da za ta bayar, saboda haka duk dillalin da ya nemi kuɗi a kan zai samo wa mutum kwantiragi a irin waɗannan ƙungiyoyi yana tallan hajar da babu ita ne.