Waiwaye: Yadda fiffike ya koma ƙarƙashin jirgin ruwa

Mazauna Zariya sun saba ganin ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kan Palladan. Dabarar da ke ɗaga fiffikensu ita ce ke aiki a gindin jirgin ruwan tsere mai tafiya da iska, sai dai nasa fiffiken a tsaye yake cikin ruwa. Kil ake ce masa, faranti mai nauyi da ke hana iska kifar da jirgi, ya kuma hana shi zamewa gefe idan ya tunkari iska. Ba abin dam ɗin Kubanni ko kogin Galma ba ne, don zurfi yake so; sai dai bakin teku irin Legas.

A 1851, lokacin da jirgin nan America ya cinye tseren kewaya tsibirin Wight a Ingila, kil dogo ne tun daga goshi har wutsiya, allon tuƙi manne a ƙarshensa. Irin wannan jirgi yana riƙe hanya sosai, amma juya shi sai an yi da gaske, kuma yawan jikin da ke gogar ruwa yana cin gudu.

Nathanael Herreshoff ya sauya lissafin a 1891 da jirginsa Dilemma: siririn faranti, da dunƙulen darma a can ƙasa. Darma ta ninka ruwa nauyi sau 11.3, ƙarfen zubi kuwa kusan 7.2, saboda haka ƙaramin dunƙule ya wadatar, kuma iya nisan da ya yi ƙasa, iya ƙarfin miƙar da jirgi. A 1963 jirgin Cal 40 na Bill Lapworth ya yaɗa raba allon tuƙi da kil, aka mayar da shi can baya inda ya fi cizo. Sai 1983, Ben Lexcen ya yi wa kil ɗin Australia II ƙananan fukafukai da ke rage ruwan da ke sulalewa ta ƙarƙashinsa. Da shi aka ƙwace Kofin America, wanda jirgin America ya ci a 1851, daga hannun kulob ɗin New York bayan shekara 132.

Gudun bai zo a banza ba. A tseren Fastnet na 1979, a tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, jirage 303 suka tashi, guguwa ta ci 'yan tsere 15, aka koma duba ko jirage marasa nauyi na iya miƙewa bayan kifewa. A 2014 kil ɗin Cheeki Rafiki ya cire a tekun Atlantika, mutum huɗu suka rasu. Siririn kil a ɗan wuri kaɗan yake rataye, duk nauyin yana kan 'yan kusoshi da ƙasan jirgi.

Shi ya sa gyaran yau daga nan yake farawa. Tsatsa mai tsiyaya ko tsaga a mahaɗar kil alama ce a fito da jirgi a duba kusoshi, musamman in ya taɓa dukan ƙasa. Ƙarfe marar tsatsa ma yana ruɓewa inda ruwa ya kwanta ba iska. Sannan a gwada ɓangarorin kil biyu da ma'auni guda. In ɗaya ya fi tudu, jirgin zai fi kutsa iska ta hannu ɗaya, matuƙi ya yi ta zargin ƙyallen iska a banza. Bakin kil na gaba a mulmule shi, na baya a yanke shi siriri da kaifin kusurwa.

Sauran aikin a hannu ake jinsa. Jirgi mai daidaito yana ɗan neman juyawa wajen iska, abin da karkata allon tuƙi digiri 3 zuwa 5 zai tare. In ya zarce haka, allon ya zama birki. Yawanci kishingiɗa ce ta yi yawa, ta haura digiri 20: a ɗaure wayar bayan dirka, wato doguwar sandar da ke riƙe ƙyallen iska, don babban ƙyalle ya shafe, a sassauta shi kaɗan, mutane su koma gefen da iska ke bugowa, in ta ƙi a naɗe wani sashe. In ko a sanyin iska ma yana jan hannu, dirkar ce ta jingina baya da yawa, sai a rage tsawon wayar gaba.