Ƙararrawar 'Yanci ta Amurka: Me Aka Rubuta a Jikinta?

Wace ƙararrawa ce wannan?

Tana birnin Filadelfiya, nauyinta kusan kilo 940. Majalisar yankin Fensilbaniya ce ta ba da odarta a 1751, aka ƙera ta a Landan. Da aka kawo ta, bugun gwaji na farko ta tsage. Wasu maƙeran Filadelfiya, John Pass da John Stow, suka narke ta suka sake zuba ta a 1753, sunayensu na nan a jikinta har yau.

Me rubutun ya ce?

Aya ce daga Attaura, Littafin Firistoci 25:10, ma'anarta: ku yi shelar 'yanci a duk faɗin ƙasa ga dukan mazaunanta. Asalin ayar a kan shekarar da ke zagayowa bayan kowace shekara 50 take magana, inda ake sakin bayi, a mayar wa kowa gonar gidansu. Sai dai a lokacin da aka zana waɗannan kalmomi, ana sayen mutane ana sayarwa a cikin Filadelfiyar kanta. Wannan shi ke tsaya mini a rai duk sa'ad da na karanta kalmar "dukan".

To yaushe aka fara kiranta Ƙararrawar 'Yanci?

Sai a shekarun 1830. Kafin nan ƙararrawar gidan majalisa ce kawai, tana kiran 'yan majalisa taro. Masu yaƙi da bautar da baƙaƙen fata ne suka raɗa mata sunan, suka riƙa buga hotonta a mujallunsu, suna cewa ai rubutun bai ware kowa ba. Daga baya mata masu neman 'yancin jefa ƙuri'a suka ƙera irinta a 1915, suka ɗaure mabuginta da sarƙa, ba su kwance ba sai 1920 da suka samu biyan buƙata.

An buga ta ranar 4 ga Yuli, 1776, ranar 'yancin kan Amurka?

A'a. Labarin ƙirƙira ne da ya bazu daga 1847. Ranar 8 ga Yuli aka karanta sanarwar 'yancin kai a bainar jama'a.

Me ya sa ba a buga ta yanzu?

A Fabrairun 1846, ana bikin ranar haihuwar George Washington, wata sabuwar tsaga da ta yi bayan an sake zuba ta ta ƙaru har ƙarar ta mutu. Inda aka ajiye ta tun 2003 kuwa dab yake da harabar gidan da Washington ya zauna yana shugaban ƙasa, gidan da bayinsa tara suka yi masa hidima.