Waiwaye: Yadda Malaman Ilimin Kiwon Lafiya Suka Sami Gurbi a Jami'a, da Abin da Suke Bincike a Kai

Duk wanda ya shiga wata jami'a a Nijeriya yana neman malaman ilimin kiwon lafiya, ɗayan wurare biyu za a nuna masa. Ko dai a kai shi tsangayar ilimi, inda zai same su a sashe ɗaya da malaman wasannin motsa jiki, kamar yadda yake a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ko kuma a kai shi kwalejin koyon likitanci, inda suke zaune tare da masana lafiyar al'umma, kamar yadda yake a Ibadan. Wannan rabuwa ba a nan ta samo asali ba. Gado ne da aka ɗauko daga Amurka, inda fannin ya fara zama sana'ar jami'a fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma har yau ƙofar da malami ya shigo ta cikinta ita ce kan yanke irin tambayoyin da zai shafe rayuwarsa yana bincike a kansu.

Ƙofar farko ta makaranta ce. Thomas Wood, likitan da ya fara koyarwa a Jami'ar Stanford a 1891 kafin ya koma kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia a 1901, shi ne ya haɗa koyar da tsafta da motsa jiki a darasi guda, domin a ganinsa malamin da ke fita da yara filin wasa shi ya fi kusa da lafiyarsu. Abin ya ƙara ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da gwajin lafiyar samarin da aka kira aikin soja ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da ƙoshin lafiyar da ake bukata. Hankalin hukumomi ya tashi, jihohi suka riƙa kafa dokar koyar da lafiya da motsa jiki a makarantu, jami'o'i kuma suka shiga samar da malaman da za su koyar. Binciken mutanen wannan zamani bai wuce abin da ido ke gani ba: nauyin yaro, tsayinsa, wanke hannu, goge baki, shan madara. Clair Turner na cibiyar fasaha ta MIT ya shafe shekaru tun farkon shekarun 1920 yana bin ɗaliban makarantun garin Malden da ke jihar Massachusetts, yana auna girmansu, don ya gano ko darasin lafiya na sauya wani abu a jikin yaro ko kuwa a allo kawai yake tsayawa.

Ƙofa ta biyu ta buɗe ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma mata ne suka fi rinjaye wajen buɗe ta. Lucy Morgan ta kafa sashen ilimin kiwon lafiya a makarantar lafiyar al'umma ta Jami'ar North Carolina a farkon shekarun 1940, Dorothy Nyswander kuma, wadda asali masaniyar halayyar ɗan'adam ce, ta gina irinsa a Berkeley da ke Kalifoniya daga 1946. Waɗannan ba malaman aji suke yayewa ba, ma'aikatan da za su shiga unguwa suke horarwa, masu zama da manoma da matan gida da shugabannin coci su ji abin da ke damunsu kafin a yi maganar allura ko masai. Koyarwar da aka fi tuna Nyswander da ita ita ce a fara daga inda mutane suke. A 1950 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta SOPHE, Turner ya zama shugabanta na farko.

Babban sauyin da ya mayar da fannin na masu bincike ya zo ne daga wata gazawa. A shekarun 1950 hukumar lafiya ta Amurka tana aika motoci ɗauke da na'urar ɗaukar hoton ƙirji cikin unguwanni don gano masu tarin fuka. Kyauta ne, ga motar a bakin titi, amma mutane da yawa sai su wuce ta ko waiwaye ba sa yi. Mayhew Derryberry, wanda ke jagorantar sashen wayar da kai na hukumar, ya tara matasan masana halayyar ɗan'adam, cikinsu har da Godfrey Hochbaum da Irwin Rosenstock, ya ɗora musu aikin gano dalili. Hochbaum ya yi hira da manya kusan 1,200 a birane uku, sakamakon da ya fitar a 1958 kuwa ya nuna cewa cikin waɗanda suka yarda cewa cutar na iya kama su, suka kuma yarda cewa gano ta da wuri na da amfani, kashi 82 cikin ɗari sun je an ɗauki hotonsu, alhali cikin waɗanda ba su yarda da ko ɗaya ba kashi 21 ne kacal suka je. Daga nan aka gina nazariyyar da ke cewa abin da mutum ya gaskata game da haɗarin cuta da ribar magani ya fi abin da ya haddace tasiri a kan aikinsa. Daga baya Rosenstock ya koma Jami'ar Michigan, Hochbaum ya koma North Carolina, kuma wannan hanya ta fara aiki a ma'aikatar gwamnati sannan a ƙarasa a kujerar farfesa ta zama ruwan dare a fannin.

Shekarun 1970 sun kawo ƙarin tsari. Lawrence Green na Jami'ar Johns Hopkins ya fito da tsarin PRECEDE, wanda ke tilasta wa mai shirya aikin wayar da kai ya fara daga matsalar da ake son magancewa ya dawo baya, yana tambayar me ke ingiza mutum ga wata ɗabi'a, me ke sauƙaƙa masa ita, me kuma ke sa ya ɗore a kanta. Shi da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan masu hawan jini a Baltimore, inda suka haɗa da ziyartar gida don a sami wani a cikin iyali da zai riƙa tuna wa mara lafiya shan magani. Sai dai a daidai wannan lokaci ne aka fara sukar fannin cewa yana ɗora wa talaka laifin rashin lafiyarsa, kamar dai wanda ba shi da ruwan famfo jahilci ne ya hana shi wanke hannu. Taron duniya kan kiwon lafiya a matakin farko da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 da yarjejeniyar bunƙasa lafiya da aka cimma a birnin Ottawa na Kanada a 1986 sun karkata hankali zuwa gidaje da abinci da albashi da dokoki, shi ya sa sassa da yawa suka ƙara "bunƙasa lafiya" a cikin sunansu, malamansu kuma suka shiga nazarin harajin taba da tsarin birane. A Amurka an kafa hukumar ba da shaidar ƙwarewa ga masu wannan sana'a a 1988, aka yi jarrabawar farko a 1990.

A Nijeriya, reshen lafiyar al'umma ya kafu sosai a 1975, lokacin da aka buɗe cibiyar horar da masu ilimin kiwon lafiya ta nahiyar Afirka a Jami'ar Ibadan da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya bambanta ta shi ne filin aikin da jami'ar ke da shi a yankin Ibarapa na jihar Oyo, musamman garin Igbo-Ora, inda ɗalibi zai tare na tsawon makonni a cikin mutane. A can ne malamai irin su Joshua Adeniyi da William Brieger suka duƙufa a kan kurkunu, musamman a garin Idere. Sun tarar cewa mutane da yawa ba su alaƙanta cutar da ruwan tafki ba, suna ɗaukarta wani abu ne da ke cikin jikin mutum tun asali, wanda kan fito idan lokacinsa ya yi. Maimakon su tsaya gardama, sai suka horar da 'yan sa-kai na ƙauye, suka gwada ƙyallen tace ruwa da teloli na gari za su iya ɗinkawa daidai bakin tulu, suka kuma bi diddigin wa ya saya, wa ya yi amfani da shi, wa ya ninke ya ajiye. Irin wannan aiki, wanda ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada, yana cikin tubalan yaƙin da ya sauko da Nijeriya daga masu kurkunu sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa mutum na ƙarshe a 2008, har aka ba ta shaidar rabuwa da cutar a 2013. Daga baya masu bincike na Ibadan sun taka rawa a nazarin tsarin da ke barin al'umma ta zaɓi wanda zai raba mata maganin cutar makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa.

Reshen makaranta kuwa, wanda shi ne ya fi yawan malamai a ƙasar, tafiyarsa daban ce. Galibi malami kan fara da shaidar NCE a kwalejin ilimi, ko ya fito daga makarantar koyon jinya ko ta duba-gari, ya yi digirin farko a ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, ya koyar a sakandare, sannan ya dawo jami'a a matsayin ƙaramin malami yana haɗa digiri na biyu da na digirgir da ɗaukar ajujuwa masu ɗaruruwan ɗalibai. Ƙarin girma daga nan har zuwa farfesa ya rataya ne a kan yawan maƙalun da ya buga a mujallu. A nan ne, a ganina, matsalar take. Wanda ba shi da kuɗin bincike, ga lokacin ƙarin girma na matsowa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya raba takardar tambayoyi ga ɗaliban wata makaranta, ya auna saninsu da ra'ayinsu a kan ƙanjamau ko shaye-shaye ko tsaftar muhalli, ya rufe da shawarar a ƙara wayar da kai. Ba a ce irin wannan bincike ba shi da amfani ba, amma tambayar da yake amsawa ita ce wadda Hochbaum ya nuna tun 1958 cewa ba ta wadatar ba, wato me mutane suka sani.

Arewacin Nijeriya ya ga haka a aikace a 2003, lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi har kusan shekara guda. Iyayen da suka rufe ƙofa sun san shan inna sarai, suna ganin guragu kullum. Abin da ya hana su shi ne rashin yarda da masu kawo maganin, da tunawa da gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano, da kuma mamakin yadda ake bin su gida-gida da ɗigon baki kyauta alhali asibitin unguwa babu maganin zazzaɓi. Sai da aka shigo da sarakuna da malaman addini da matan unguwa masu shiga gidaje sannan al'amarin ya juya, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, wadda ake kira ta daji, a watan Agustan 2020. A wannan shekarar ce kuma annobar korona ta buɗe wa malaman fannin sabon fagen bincike, wato yadda jita-jita ke yawo a WhatsApp da Facebook da saƙon murya, wanda yanzu yake gogayya da lafiyar mata masu juna biyu da shaye-shayen matasa a cikin batutuwan da ɗaliban digiri na biyu ke kai wa malamansu don neman amincewa.